Farar Melilot: Abincin Shanu, Gonar Ƙudan Zuma, ko Guba?

Akwai tsirran da sunansu ke gyaruwa ko ya ɓaci gwargwadon bakin da ke ba da labarinsu. Farar melilot tana cikinsu. Mai kiwon zuma a jihar Dakota ta Arewa da ke Amurka zai ce maka ita ce ke cika masa amya a watan Yuli. Likitan dabbobi zai tuna maka da shanun da suka riƙa zubar da jini har lahira a shekarun 1920, da maganin ɓeran da ya samo asali daga waccan masifa. Manomin alkama a lardin Saskacewan na Kanada yana kallonta a matsayin takin da ba a kai kuɗi kasuwa a sayo shi. Ma'aikacin gandun daji a Alaska kuwa, tuge ta yake yi da hannu a bakin kogi yana cusawa a buhu, don kada ta zubar da iri.

Babu maƙaryaci a cikin su huɗun. Shi ya sa wanda ya ji labarin daga baki ɗaya yakan rikice in ya ji daga na biyu, har wasu su ɗauka cewa zumar da aka samu daga furenta ma tana tsinka jini. Idan aka bi maganar daki-daki, za a tarar cewa yawancin saɓanin yana komawa ne ga tambaya guda: wace rana za a sa mata lauje, kuma me za a yi da ita bayan an yanke?

Sunanta da kamarta

Masana tsirrai suna kiranta Melilotus albus. Kalmar farko daga harshen Girka take: meli shi ne zuma, lotos kuma suna ne da Girkawa suke bai wa wasu tsirrai masu kama da ita. Albus da Latin yana nufin fari. Ashe tun daga suna aka ɗaura mata aure da ƙudan zuma. Larabawa suna ce wa danginta handaƙuƙ, Rashawa donnik, mutanen Panjab kuma senji. Asalinta Turai ne da yammaci da tsakiyar Asiya. Tana da 'yar'uwa mai rawayan fure, Melilotus officinalis, wadda ba ta kai ta tsayi ba, tana kuma riga ta yin fure da kamar mako biyu.

Dangin wake ce, kamar gyaɗa da waken soya da gawo. Abin da ya haɗa wannan dangi shi ne wasu 'yan ƙulle-ƙulle da ke fitowa a jikin saiwarsu, inda wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke zama, suna kamo naitirojin daga iska suna mayar da shi abincin tsiro. Naitirojin shi ne sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, shi ne kuma abin da manomi ke biya idan ya sayi buhun yuriya.

Ganyenta uku-uku ne a tsinke ɗaya. Tana ƙarama, da wuya a bambance ta da alfalfa, wato shahararriyar ciyawar dabbobin nan ta dangin wake. Wanda ya sani yakan duba gefen ganyen: na melilot yana da 'yan haƙora tun daga kusa da gindi har tsini, na alfalfa kuwa a wajen tsinin kawai suke. In kuma aka murje ganyen a tafin hannu aka bar shi ya ɗan yi yaushi, sai wani ƙamshi mai daɗi ya tashi, mai kama da na fanila. Wannan ƙamshi na wani sinadari ne da ake kira kumarin. A riƙe sunan nan, domin rabin labarin a kansa yake.

Shekara biyu, aiki biyu

Yawancin ire-irenta shekara biyu suke yi a duniya, kuma kowace shekara da aikinta. A ta farko, tsiron ba ya wuce gwiwa zuwa ƙugu, karansa siriri, ganyensa yalwatacce. Da kwanaki suka fara gajarta a wajen Satumba, sai ya daina tsayi ya koma tara abinci a ƙasa. Saiwar tsakiya takan yi kauri kamar ƙaramin karas, ta nutse mita ɗaya da rabi ko fiye, sannan wasu idanun toho su fito a wuyanta su kwanta suna jiran wucewar sanyi. Dusar ƙanƙara takan kashe na sama, na ƙasa yana nan da rai. A shekara ta biyu, da ƙasa ta yi ɗumi, waɗannan idanu sai su ɓarke gaba ɗaya. Cikin 'yan makonni tsiron ya wuce tsayin mutum, ya yi fure, ya zuba iri, ya mutu.

Akwai kuma mai shekara ɗaya. Wanda ya fi shahara shi ne Hubam, wanda H. D. Hughes ya gano a kwalejin aikin gona ta jihar Ayowa a 1916. An haɗa sunan ne daga nasa da na jihar Alabama inda asalin irin yake.

Shuka ta ba ta da wuya, amma tana da sharuɗɗa. Ba ta son ƙasa mai tsami. A ma'aunin tsamin ƙasa, inda 7 ke tsakiya, tana buƙatar kamar 6.5 zuwa sama, shi ya sa ake zuba farar ƙasa kafin shuka a inda tsami ya yi yawa. Tana jure fari da gishiri da kanwa da laka mai tauri fiye da yawancin danginta. Irinta ƙanana ne, kilo 10 zuwa 15 kan isa hekta ɗaya, ba a kuma binne su da zurfi. Da yawa daga cikin ƙwayoyin suna da ɓawo mai taurin da ruwa ba ya ratsawa, don haka ake kankare su da inji kafin a sayar. Akan gauraya irin da ƙwayoyin nan masu kama naitirojin, iri ɗaya da na alfalfa. Manoma da yawa suna shuka ta tare da alkama ko sha'ir: a girbe hatsin, a bar ta a ƙarƙashi tana tasowa.

Daga bakin hanya zuwa gona, daga gona zuwa bakin hanya

Turawa ne suka ƙetara da ita Amurka ta Arewa tun zamanin mulkin mallaka, ta daɗe kuma ana ɗaukarta ciyawar banza. Masu kiwon zuma ne suka fara ganin darajarta, har suka riƙa watsa irinta a gefen hanyoyi da layin dogo, maƙwabtansu manoma suna tsine musu. Daga farkon ƙarni na 20 ra'ayi ya juya, bayan da aka ga yadda take farfaɗo da gonakin da noman taba da masara suka tsotse. Zuwa shekarun 1920 da 1930 ta zama babbar shuka a tsakiyar Amurka da filayen yammacin Kanada.

Abu biyu suka kwantar da ita. Na farko, bayan Yaƙin Duniya na Biyu takin zamani ya yi arha, manomi bai ga dalilin ba da gonarsa shekara guda ga tsiron da zai tara masa abin da zai iya saya a buhu ba. Na biyu wani ɗan ƙwaro ne, Sitona cylindricollis, mai gatsar gefen ganye yana barin tabo kamar jinjirin wata. Idan ya faɗa wa sabuwar shuka yakan cinye ta tun tana ganye biyu. Noman ya ragu ƙwarai, amma tsiron bai tafi ko'ina ba. Ya koma inda ya fito, bakin hanya.

Cutar zubar jini: laifin wa?

A farkon shekarun 1920 wata baƙuwar cuta ta ɓulla a garkunan Dakota ta Arewa da lardin Albata na Kanada. Saniya lafiyayya sai ta fara ɗingishi, jikinta ya yi tauri, wasu kumburi masu taushi su fito mata a ƙarƙashin fata, a cinya ko kafaɗa ko wuya. Cikin kumburin jini ne zalla. Wadda aka yanke wa ƙaho, ko bijimin da aka yi wa dandaƙa, sai jini ya ƙi tsayawa har dabbar ta faɗi. An fara zargin annoba mai yaɗuwa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wani likitan dabbobi a Ontariyo, Frank Schofield, ya lura cewa duk garken da abin ya shafa ana ciyar da shi busasshiyar melilot da ta yi funfuna. Ya ware kara masu funfuna da masu tsabta ya ba zomaye. Waɗanda suka ci ɓatattun ne suka kamu. Ya wallafa cikakken bayaninsa a 1924. Bayan 'yan shekaru Lee Roderick a Dakota ta Arewa ya nuna cewa jinin irin waɗannan shanu ya rasa ɗaya daga cikin abubuwan da ke sa jini ya daskare.

Saura a san mene ne gubar. A watan Fabrairun 1933, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya, wani manomi daga arewacin jihar Wiskonsin ya tuƙo mota wajen kilomita 300 cikin guguwar ƙanƙara zuwa birnin Madison. Ranar Asabar ce, ofishin likitan dabbobin da ya nufa a rufe. Ya faɗa ginin da ya samu a buɗe, ɗakin binciken wani masanin sinadarai mai suna Karl Paul Link. Abin da ya sauke masa shi ne mushen karsana, da tarin ɓatacciyar ciyawa, da garwar madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa. Link ba shi da abin ba shi sai shawarar da aka riga aka sani: ya daina ciyar da wannan ciyawa, a yi wa masu rauni ƙarin jini. Mutumin kuwa ba shi da wata ciyawar. Gaba kura, baya siyaki.

Shekara shida ɗakin binciken ya yi a kan wannan tambaya. A 1939 Harold Campbell, ɗaya daga cikin ɗaliban Link, ya tace sinadarin, a 1940 kuma aka gane gininsa aka haɗa shi a kwalba. Aka sa masa suna dikumarol.

Ga yadda abin yake. Kumarin da ke cikin ɗanyen tsiro ba ya tsinka jini. Ɗaci kawai yake sa wa ganyen, shi ya sa shanun da ba su saba ba sukan yi kwana biyu suna shinshinawa suna kau da kai kafin su karɓa. Amma karan melilot na shekara ta biyu yana da kauri, yana kuma riƙe ruwa a cikinsa bayan ganye ya bushe ƙayau. Manomi ya taɓa, ya ji kamar ta bushe, ya ɗaure. A tsakiyar damin danshi yana nan. Funfuna ta kama, ita ce kuma ke juya kumarin ya zama dikumarol. Shi kuma dikumarol yana hana hanta amfani da bitamin K, wanda da shi take ƙera abubuwan daskarar da jini. Dabba ba ta nuna komai nan take, sai abin da ke jikinta ya ƙare, abin da kan ɗauki mako biyu zuwa uku ko fiye. Littattafan likitancin dabbobi suna cewa miligiram 20 zuwa 30 a kowane kilo na busasshiyar ciyawa, in aka yi makonni ana ci, ya isa ya kwantar da saniya.

Wani abin da ke yaudarar masu kiwo shi ne ido ba ya yanke hukunci a nan. Dami na iya yin funfuna bai tara guba mai yawa ba, wani kuma ya yi kyau a gani alhali yana ɗauke da ita, domin funfunar kan mutu ta bar dikumarol a wurin. Gwajin ɗakin bincike ne ke raba gardama. Matakan da aka saba bi su ne: a yanke tun kara bai yi kauri ba, a murƙushe karan da inji don ya saki ruwansa, a riƙa musanya ta da wata ciyawar maimakon a dogara da ita kaɗai, kada kuma a ba saniya mai tsohon ciki ko dabbar da za a yi wa aiki, aƙalla mako uku kafin lokacin. Gubar tana ratsawa ta kai ga ɗan tayi, har maraƙi ya mutu da zubar jini uwar tana tsaye lafiya. Tumaki sun fi shanu juriya. Maganin wadda ta kamu shi ne allurar bitamin K1, da ƙarin jini in abin ya yi tsanani. Dabbar da ke kiwo a ɗanyen fili kuwa ba wannan ce barazanarta ba. Abin da ake kiyaye mata shi ne kumburin ciki, irin wanda kowace ɗanyar ciyawa ta dangin wake kan jawo in aka saki dabba mai yunwa a kanta.

Labarin bai tsaya a garke ba. Daga dikumarol ɗakin binciken Link ya ƙera 'yan'uwansa fiye da ɗari. Ɗaya daga ciki ya fito kasuwa a 1948 a matsayin maganin ɓera, da sunan warfarin. Harufan farko na sunan daga gidauniyar jami'ar Wiskonsin da ta ɗauki nauyin aikin suke, na ƙarshen kuma daga kumarin. A 1954 aka amince a ba mutane shi don hana gudan jini toshe jijiya, a 1955 kuma aka ba shugaban Amurka Eisenhower bayan ciwon zuciyar da ya same shi. Har gobe likitoci suna rubuta shi, a Kano da Yamai kamar yadda ake yi a Landan, musamman ga wanda aka sa wa ƙyauren zuciya na ƙarfe.

Abin da ƙudan zuma ke samu

Furen ƙarami ne ƙwarai, bai wuce ƙwayar shinkafa ba, amma yana zuwa da yawa: gommai a kan kowane zangarniya siririya, zangarniyoyi kuma ɗaruruwa a babban tsiro. Suna buɗewa daga ƙasa zuwa sama, sababbin rassa suna ta fitowa, shi ya sa gona ɗaya kan yi wata guda zuwa biyu tana fure. Maƙogwaron furen gajere ne, harshen ƙudan zuma yana kaiwa ga ruwan zaƙin da ke gindinsa ba tare da wahala ba. Wannan ruwan fure shi ne ɗanyen kayan da ƙudan ke kaiwa amya, su ƙafar da shi ya zama zuma. Idan ƙudan ya sauka, nauyinsa yakan danna leɓen furen na ƙasa, 'yan tsinkayen da ke ɗauke da ƙurar fure su leƙo su goge shi a ciki, in ya tashi su koma maɓoyarsu. Furen alfalfa ba haka yake ba: ɓallewa yake yi kamar tarko ya buge ƙudan a ka, har ƙudajen su koyi satar ruwan ta gefe. Da melilot kam ciniki ne na lumana.

Zumarta fara ce, wani lokaci kamar ruwa, ɗanɗanonta mai laushi da ɗan ƙamshin kirfa ko fanila, tana kuma saurin yin tsakuwa in ta daɗe a ajiye.  Maganar cewa tana tsinka jini ba ta da tushe: dikumarol ɗan funfuna ne a cikin damin ciyawa, hanyarsa ba ta bi ta fure ba.

Dakota ta Arewa ta daɗe tana kan gaban duk jihohin Amurka wajen yawan zuma, melilot da alfalfa kuma suna cikin manyan dalilai. Amyoyin da ke shan furenta a Yuli su ne ake lodawa a manyan motoci a kai Kalifoniya, su yi barbarar gonakin almon a watan Fabrairu. Ƙarfin da suka tara a filayen arewa da shi suke fita hunturu. Tun 1985 gwamnatin Amurka take da shirin biyan manoma su huta da wasu gonaki su bar su da ciyawa, filayen nan kuma sun zama makiyayar ƙudan zuma. Daga wajen 2007, da farashin masara da waken soya ya tashi, aka sake nome da yawa daga cikinsu. Kukan da masu zuma ke yi na ƙarancin fure daga nan ya ƙaru, shi ne kuma ya sa suke kare melilot da zafi.

Ranar yanka

A nan ne gizo ke saƙa. Takardun tallar iri sukan jera amfaninta kamar za a kwashe su gaba ɗaya: harawa mai gina jiki kusan kamar alfalfa, zuma, da naitirojin da kan kai kilo 100 ko fiye a hekta. Kowanne gaskiya ne shi kaɗai. Sai dai taura biyu ba ta taunuwa.

Makiyayi yana son ta tun fure yana ƙunshe bai buɗe ba. A lokacin ganye ya fi yawa, kara bai zama itace ba, bushewa ta fi sauƙi, haɗarin funfuna ya fi ƙanƙanta. Mako biyu na jinkiri ya isa ya mayar da harawa kirare. Mai zuma kuwa, ranar da makiyayi ke wasa laujensa ita ce jajiberin kakarsa. Duk abin da yake jira yana bayan wannan rana. Manomin hatsi a busassun filayen Kanada da Dakota shi ma yana da nasa lissafin: yana so ya kife ta da garma ta ruɓe a ƙasa, abin da ake kira ɗanyen taki, amma in ya bari ta yi cikakken fure, doguwar saiwar nan za ta shanye danshin da alkamar baɗi ke jira. Don haka yakan kife ta da wuri, ya haƙura da wani kaso na naitirojin. Mai neman iri ne kaɗai bukatarsa ta zo daidai da ta mai zuma, domin yana son furen ya kai ƙarshe, kuma ba ya samun iri mai yawa sai ƙudaje sun yi masa barbara. Wannan shi ne haɗin da ya fi kowanne dacewa, ko da yake ba shi aka fi tallatawa ba.

Akwai tsaka-tsaki, amma da sharaɗi. A shekara ta biyu tsiron ba ya sake toho daga gindi kamar alfalfa. Daga idanun da ke jikin kara yake fitar da sababbin rassa. In aka yanke shi ƙasa-ƙasa ya mutu ke nan. In aka bar kututture mai tsawon taƙi ɗaya ko fiye, wato santimita 20 zuwa 30, zai farfaɗo ya yi fure a makare. Ta haka makiyayi ya samu yankansa na fari, mai zuma ya samu fure a ƙarshen lokaci sa'ad da sauran furanni suka ƙare, kowa kuma ya karɓi ƙasa da abin da zai samu da shi kaɗai ne. Wasu sukan raba gona gida-gida, su yanke wani ɓangare su bar wani. A shekarar farko kuma doka ɗaya ce ga kowa: kada a yanka ko a yi kiwo mai tsanani a makonnin da tsiron ke tara abinci a saiwa, in ba haka ba babu abin da za a yi jayayya a kansa baɗi.

Masu cewa annoba ce

Halayen da suka sa manomi ke son ta su ne suka sa masu kula da daji ke tsoronta. Tsiro ɗaya yana zuba iri dubbai, ba sa nuna lokaci guda, suna kakkaɓewa da an taɓa. Masu taurin ɓawon nan suna iya kwana a ƙasa shekara goma-goma suna jira. Gobarar daji, wadda masu kula da filayen ciyawa na asali a Minesota da Wiskonsin ke sakawa da gangan don sabunta su, fasa ɓawon take yi, sai melilot ta fito kamar an shuka. Naitirojin da take ƙara wa ƙasa ma ba alheri ba ne a wurin tsirran da suka saba da ƙasa mara ƙarfi. Baƙin ciyayi ne ke cin moriyarsa su danne na asali.

A Alaska an shigo da ita ne a 1913 don gwajin abincin dabbobi. Yanzu ta bi gefen manyan hanyoyi, daga gadoji ta gangara bakin koguna irin su Stikine da Nenana da Matanuska, inda ruwa ke ɗaukar irin ya kai gaba. A kan yashin da ambaliya ke bari tana yi wa 'ya'yan itacen wilo inuwa, wilo kuwa shi ne abincin mus, ƙatuwar dabbar dajin nan ta dangin barewa da mutanen yankin ke farauta.

Masu zuma suna amsawa da cewa tsiron ya fi shekara ɗari biyu a nahiyar, cewa ƙudajen daji ma suna shan furensa, kuma in aka fesa wa bakin hanya magani ba furen asali ke maye gurbinsa ba, ciyawa ce mara fure. Hujjar tana da ƙarfi a tsakiyar gonakin masara, inda babu wani daji na asali da ya rage. Tana da rauni a bakin kogin Alaska ko kusa da ragowar filayen da ba a taɓa nomewa ba. Kuskuren ɓangarorin biyu shi ne neman hukunci ɗaya ga wuraren da ba su yi kama ba.

Ko za ta yi a ƙasashe masu zafi?

Mai shekara biyu tana buƙatar sanyin hunturu na gaske da dogayen ranaku kafin ta yi fure yadda ya kamata. A Dakota yinin watan Yuni yana kusan awa 16. A Kano bai kai 13 ba. Inda ake noman danginta a ƙasa mai zafi, kamar senji a Panjab, masu shekara ɗaya ne, a lokacin sanyi, da ban ruwa. A arewacin Ajantina ma masu shekara ɗaya ake shukawa a ƙasa mai gishiri. Ƙasar Hausa tana da nata masu yin wannan aiki: harawar wake da ta gyaɗa, da lablab, da sitailo da aka yi gandayen kiwo da ita a kudancin Kaduna a shekarun 1980. Cutar zubar jinin nan ba ta shafi harawar wake da gyaɗa ba, ko da yake funfuna a kowace harawa tana da nata sharrin.

Irin da aka cire wa ɗaci

Tun shekarun 1930 masu gyaran iri suka ga cewa in babu kumarin babu dikumarol. Sun sami wata 'yar'uwa, Melilotus dentatus, wadda kusan ba ta da shi. Da aka yi musu barbara da farar melilot, 'ya'yan suka fito farare fat, ba su da koren da tsiro ke dafa abinci da shi, sai da aka ɗora su a kan lafiyayyun tsirrai kamar yadda ake auren mangwaro kafin su rayu su yi iri. Daga wannan wahala aka samu ire-ire masu ƙarancin kumarin, irin su Denta a Amurka da Polara a Kanada, sai Norgold a ɓangaren mai rawayan fure. Shanu sun fi son su, haɗarin ya ragu ƙwarai, ko da yake yawansu a gona sau da yawa bai kai na tsofaffin ire-iren ba. Duk sa'ad da takin zamani ya yi tsada, kamar yadda ya yi a 2021 da 2022, hankali kan dawo kan irin waɗannan tsirrai, musamman wajen manoman da ba sa amfani da takin buhu kwata-kwata.

Sai dai gadon rashin kumarin mai rauni ne: sai tsiro ya gaje shi ta uwa da uba sannan yake bayyana. Ƙudan zumar da ya tashi daga melilot ɗin bakin hanya ya sauka a gonar Polara yana ɗauke da ƙurar mai ɗaci a jikinsa, tsofaffin ƙwayoyin da ke kwance a ƙasa kuma suna tsirowa a tsakanin layuka. Manomin da ya ajiye irin gonarsa shekara biyu ko uku yana iya komawa gidan jiya bai sani ba, yana ɗaure dami da tabbacin da babu shi. Shi ya sa masu ba manoma shawara a Kanada ke cewa a sayi tantaccen iri duk lokacin da za a shuka, a nisanta gonar iri daga ta daji, a kuma ci gaba da bushe ciyawar kamar dai mai ɗaci ce.